Uwar Rigima Ta Kashe Mai Rai a Rediyo

Duk garin babu wanda bai san muryarta ba, amma kaɗan ne suka san fuskarta. A wasan kwaikwayon da gidan rediyo yake sakawa da yamma, ita ce Uwar Rigima, mai gidan haya wadda ba ta barin ɗan haya ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali. Sunan ya bi ta har gida. Abokan aiki suna ce mata Rigima, masu gadi suna ce mata Uwa, mijinta kuwa idan yana jin tsokana sai ya haɗa duka biyun ya ja su da murya tun daga ƙofa.

A zahiri ba mai rigima ba ce. Mace ce gajeriya, 'yar shekara arba'in da ɗoriya, mai saurin tafiya, mai kunnen da ba ya zubar da abin da ya ji. Idan aka raba takardun wasa, sai ta naɗe nata ta jefa a jaka. A gida, tana wanke-wanke ko ninkin kayan yara, maigidanta ya zauna a bakin ƙofar kicin ya karanta mata. A kantin magani yake aiki, kuma haka yake karanta wasan, da murya ɗaya miƙaƙƙiya, ko kuka ake yi ko dariya.

"Kai dai da za a ba ka labarai, da mutane sun yi barci a tsaye," takan ce masa.

"To ki karɓa ki karanta mana, gwana."

Sai ta watsa masa kumfa, ya ci gaba. Karatu biyu ya ishe ta. Kafin ranar ɗauka ta haddace nata layin, ta haddace na sauran 'yan wasa. A ɗakin ɗaukar murya, inda aka lulluɓe bango da soso, takan riƙe takardar a gabanta, idan ta ji sauran sun juya shafi ita ma ta juya.

Ba wai ba ta iya karatu ba ne sam. Tana karanta allon kanti da sunan mai kira a waya. Amma da zarar kalmomi sun jeru sun yi layi, sai abin ya koma mata kamar ɗaukar ruwa a kwando mai huji: kafin ta haɗa kalma ta huɗu, ta farko ta zube. A makaranta wani malami ya taɓa cewa bakinta ya cinye rabon ƙwaƙwalwarta, aji ya fashe da dariya. Da haddar kunne ta lallaɓa ta gama, da ƙyar, kuma tun daga nan ta koyi hanyoyin kauce wa takarda.

Ana haka aka kawo sabuwar furodusa, matashiya mai wayoyi biyu da maganar da ba ta da kwana. Mai gabatar da shirin gaisuwa na rana ta tafi hutun haihuwa, sai Furodusa ta tare Rigima a baranda.

"Anti, ke za ki riƙe mana shirin gaisuwa. Mutane suna son muryarki. Ba wani aiki ba ne, saƙonni ne kawai suke shigowa a kwamfuta, ki karanta, ki sa musu waƙa."

"Kai tsaye?"

"Kai tsaye mana. Ke da kike da baki?"

Rigima ta buɗe baki za ta ce maƙogwaronta yana ciwo, amma ta riga ta yi amfani da wannan uzurin a wajen shugaban da ya gabata har uzurin ya tsufa. Kuma can ƙasan ranta tana son shirin. Ta gaji da masifa a kan kuɗin wuta da ƙofar banɗaki, tana son ta yi magana da mutane da muryarta ta gaskiya. Ta ce to.

Kwanakin farko ta sha da dabara. Takan zaɓi gajerun saƙonni, ta ja surutu tsakaninsu, ta cika wurin da waƙa. Injiniya, wani mai tumbi da yake zaune a bayan gilashi yana juya maɓallai, yakan ɗaga mata hannu alamar ta ƙara sauri, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ranar da abin ya faru saƙonni sun yi yawa, Furodusa kuma tana tsaye a bayan Injiniya ta harɗe hannu. Rigima ta kafa ido a kan allon, tana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Muna taya yayanmu murnar... samun... karuwa."

Injiniya ya kifa kai a kan teburinsa, kafaɗunsa suna rawa. Masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa a kan harafi, kowa ya sani, mai karatu ne yake gane ƙaruwa ake nufi tun kafin ya iso kalmar. Ita kuwa duk ƙarfinta yana wajen haɗa haruffa, babu sauran da zai saurari ma'anar. Ta gyara da sauri, ta mayar da abin wasa, ta ce Allah ya raya jariri ya kuma shirya bakin Uwar Rigima.

Saƙo na gaba dogo ne. Wasu 'ya'ya ne suke roƙon masu sauraro su taya su addu'a bisa rashin lafiyar mahaifinsu, tsohon direban motar 'yan kwana-kwana. Idonta ya ga "ra", ya ga "addu'a" a baya, bakinta ya yi tsalle ya ce "rasuwar mahaifinsu". Da yake 'yar wasa ce, sai ta sauke murya, ta yi masa addu'ar samun rahama mai ratsa jiki, ta ba iyalansa haƙuri.

Ba a gama waƙar da ta biyo baya ba wayoyin gidan rediyon suka ɗauki ruri. Tsohon sananne ne, rabin garin ya taɓa ganin sa a kan jar mota. Kafin a tashi aiki babbar 'yarsa ta iso, mayafinta a hannu, tana huci.

"Ina wadda ta kashe mana uba? Yana kwance yana jin rediyon da kunnensa! Ƙanwarsa ta faɗi a kasuwa, sai da aka yayyafa mata ruwa. Mutane sun cika mana ƙofar gida suna salati!"

Rigima ta fito ta durƙusa har ƙasa. Wannan bakin da bai taɓa rasa amsa ba ya kasa haɗa komai sai "ki yi haƙuri". An sanar da gyara a labaran yamma. Furodusa ta kira ta ofis ta rufe ƙofa.

"Anti, na duba saƙon. A rubuce yake sarai. Me ya kai ki? Hankalinki ne ba ya wurin, ko tabarau kike buƙata?"

"Ban sani ba."

"To sai kin sani. Kafin nan ki koma wasanki, zan nemi wani ya riƙe shirin."

A gida maigidanta ya ji komai, sannan ya ce, "Ki bar musu shirinsu. Wasan ya ishe ki, ni kuma ina nan, ba inda za ni."

"Kana nan, Allah ya bar min kai. Amma yau na binne bawan Allah da ransa saboda kalma ɗaya." Ta ajiye tukunyar da take gogewa. "Tun ina yarinya nake gudun takarda kamar tana bi na bashin rai. Na gaji da gudu. Sai na san abin da yake tsakanina da ita, ko da kuwa abin da malamin nan na makaranta ya faɗa ne."

Ta fara da likitan ido, tana fatan a ce tabarau ne a huta. Ya sa ta karanta haruffan jikin bango, ta karanto su har na can ƙasa masu kama da ƙwayar yashi.

"Idonki ya fi nawa," in ji shi. Sai ya miƙo mata wata 'yar takarda mai sakin layi ɗaya. Ta fara, ta tsaya, ta koma baya, ta canki wata kalma ta kuskure. Ya ɗan dube ta ta saman gilashinsa, bai yi dariya ba. "Hajiya, wannan ba aikina ba ne, amma na san mai shi. A bayan asibitin nan akwai sashen da ake duba yara masu wahalar magana da karatu. Ki nemi malamar da take wurin."

"Yara?"

"Yara suka fi zuwa. Ba a ce manya ba su da shi ba."

Ɗakin jira na sashen cike yake da hotunan dabbobi da kujeru 'yan ƙanana masu launi. Ta zauna a kan wata shuɗiya, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Wata uwa da ke gefenta ta tambaye ta ina nata yaron. Rigima ta ce, "Ga ni."

Malamar doguwa ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da gaggawa. Ba ta fara da littafi ba.

"Ki ce bargo."

"Bargo."

"To ki sake faɗa, amma ki cire sautin r."

Rigima ta buɗe baki. Ita da take kwaikwayon muryar tsohuwa da ta yaro da ta mashayi, ta rasa inda r ɗin yake a cikin kalmar. Ta ji ta dunƙule guda ɗaya kamar dutse, babu inda za a sa hannu a ɓare ta.

"Bar... go. Argo?"

"Ba laifi. Mu je gaba."

Malamar ta nuna mata kalmomin da babu su a kowane harshe, irin su "lamfodi" da "zirkatu", ta ce ta karanta. A nan babu canka, kuma a nan Rigima ta fi shan wuya. Bayan haka malamar ta karanta mata wani dogon labari sau ɗaya, ta yi mata tambayoyi. Rigima ta amsa duka, har ta maimaito mata wani sashe kalma da kalma, ta ƙara da gyara mata inda ya kamata ta ja numfashi.

Malamar ta yi dariya ta ajiye biro. "To, daƙiƙanci dai mun sallame shi. Abin da kike da shi yana da suna, ana ce masa disleksiya." Ta jawo wata ƙwaƙwalwar roba daga kan kabad, ta juya ɓangaren hagu wajen Rigima. "Kin ga magana, da shirinta ake haihuwar mutum. Yaro ba ya zuwa makaranta don ya koyi cewa mama. Amma karatu mutane ne suka ƙirƙiro shi, saboda haka dole ƙwaƙwalwa ta shimfiɗa sabuwar hanya da kanta. Nan baya ne take karɓar abin da ido ya gani. Nan gefen, saman kunne, take rarrabe sautukan magana. Karatu shi ne harafi ya taso daga nan ya haɗu da sautinsa a nan, cikin ƙiftawar ido. Yawancin mutane idan suka yi ta maimaitawa, hanyar takan zama titi mai kwalta, har su daina jin suna aiki. Ke taki ba ta shimfiɗu haka ba. Kowace kalma sai kin bi da ita ta lungu."

"Wani abu ne ya same ni? Faɗuwa ko zazzaɓi?"

"A'a, haka aka halicce ki, kuma yakan bi jini. Ba ciwon ido ba ne, ba lalaci ba ne, ba shi da alaƙa da kaifin basira."

Rigima ta daɗe tana kallon robar. Ta yi zaton za ta yi kuka, sai ta ji wani abu mai kama da fushi yana taso mata, fushin duk shekarun da ta yi tana ɗaukar kanta abin da ba ita ba. Ta haɗiye shi.

"Maigidana a kantin magani yake. Wane za a saya?"

"Babu ƙwaya, babu allura. Akwai aiki. Za mu koma tushe, sauti da harafi, ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaƙwalwa tana canzawa da horo ko a shekarunki. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba zai tafi gaba ɗaya ba. Za ki fi yanzu nesa ba kusa ba, sai dai da wuya ki yi gudu irin na masu karanta labarai."

"Yaushe za mu fara?"

"Wata mai zuwa akwai gurbi."

"Malama, ni wata mai zuwa ya yi min nisa. Idan wani yaro bai zo ba, ki kira ni. Gidan rediyo ba nisa, kuma ina da sauri."

Kafin ta fara darasi ta nemi gidan tsohon ɗan kwana-kwana. 'Yarsa ta buɗe ƙofa fuska a ɗaure, amma daga ciki wata murya ta ce a bar ta ta shigo. Yana kishingiɗe a falo, ƙafarsa ɗaya a kan matashi, rediyo a gefen kunnensa.

"Uwar Rigima da kanta! Shigo, gawa tana gaishe ki."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa abin da malamar ta gano, ba ta rage komai ba. Shi ne mutum na farko bayan mijinta da ta faɗa wa, kuma ta yi mamakin yadda maganar ta fito ba tare da ta shaƙe ta ba.

"Ni dai na ci riba," in ji tsohon. "Na ga waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Akwai wani abokina da muka yi shekaru ba ma magana, shi ya fara isowa yana kuka da majina. Addu'ar nan kuma da kika yi min, ki adana ta, idan lokacin ya yi ke nake so ki maimaita." 'Yarsa ta ce, "Baba, don Allah!" amma ita ma ta saki fuska.

Darasin ya fi yadda ta zata wuya. Malamar takan zuba mata murafun kwalba a tebur, kowane murfi sauti ɗaya, ta ce ta tura su gaba tana faɗar kalma a rarrabe. Takan rubuta harafi da yatsa a faranti mai yashi tana furta shi. Wata rana ta karanta shafi guda ba tuntuɓe ta fito tana jin kamar ta tashi sama, washegari kalmar da ta sani jiya ta tsaya mata a wuya. Rannan ta ture murafun suka watse a ƙasa.

"Mace da 'ya'yanta tana wasa da murfin lemo!"

Rigima ta zauna tana huci, can ta sunkuya ta tsince su ɗaya-ɗaya ta jera. "Sake faɗo kalmar," ta ce wa malamar.

Dokar da ta fi ba ta wahala ita ce ta hana canka. Duk rayuwarta da canka ta rayu: ta ga farkon kalma, ta cike sauran da wayo. Yanzu sai ta bi kalma har wutsiyarta kafin ta buɗe baki. A motar haya takan bi allunan kantuna da ido tana motsa leɓe, har wani kwandasta ya tambaye ta ko wuridi take yi.

Da aka kwana biyu, bayan damina ta wuce, ta ƙwanƙwasa ofishin Furodusa. Mai hutun haihuwa ta nemi a mayar da ita sashen labarai, shirin gaisuwa yana hannun wani saurayi da yake karanta saƙon biki da na ta'aziyya da murya iri ɗaya.

"Kin ce sai na sani. Na sani yanzu." Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta yi mata bayanin hanyar da ba ta da kwalta, da murafun kwalba, da komai. "Ina son shirin. Ga yadda za a yi. A rufe karɓar saƙo kafin a shiga, a buga min su da manyan haruffa, a bar fili tsakanin layuka, in zauna da su tukuna. Duk wanda ya shafi ciwo ko mutuwa, Injiniya ya karanta min shi a kunne kafin in faɗa. Sauran lokacin a buɗe waya mutane su kira, wannan kuwa kin san ba a fi ni ba."

Furodusa ta juya biro a hannunta. "Anti, me ya sa ba ki faɗa min tun farko ba?"

"Me zan ce miki? Ni ma ban san sunansa ba."

"Wannan ƙarin aiki ne a kan Injiniya."

Aka kira Injiniya. Ya saurara yana shafa tumbi, ya ce shi ba shi da matsala, da sharaɗin idan an sake samun ƙaruwa a bar shi ya yi dariyarsa a fili.

Furodusa ba ta ba ta duka ba. Ta ce kwana biyu a mako, a gani. Rigima ta ce ta karɓa, sauran kwanakin kuma su jira ta, tana zuwa.

Ranar da ta koma, ta karanta saƙonninta a hankali, yatsa a kan layi. Ta yi tuntuɓe a sunan wata unguwa, ta tsaya, ta koma farkonsa ta bi shi har ƙarshe. Shirun ya yi tsawo a rediyo, ta san an ji. Sai ta matso da bakinta kusa da makirufo.

"Masu sauraro, idan kun ji na tsaya, ba wuta aka ɗauke ba. Ni ce nake haɗa kalma. Ina da wata lalura ta karatu da aka haife ni da ita, a ƙwaƙwalwa take, sai da na girma na san sunanta. Ina zuwa makaranta a kanta yanzu haka. Idan kuna da yaro mai wayo a baki amma takarda tana ba shi kashi, kada ku yi saurin kiran sa daƙiƙi, ku kai shi a duba. To, Injiniya, sa mana waƙa kafin in fara wa'azi."

Da ta fito da yamma, mai gadi ya nuna mata wani mutum da yake tsaye a jikin katanga, ya ce tun ɗazu yake jira. Babban mutum ne mai furfura a gemu, rigarsa da tabon man inji, yana ta murza hularsa a hannu. Ya gaishe ta, ya waiwaya ya ga ko mai gadi yana ji, sannan ya rage murya.

"Wurin nan da kika ce ana dubawa. Wani ɗan'uwana ne yake tambaya."

"Ɗan'uwan naka shekarunsa nawa?"

Ya dubi takalminsa. "Kamar nawa."

"To can za ni yanzu, ina da darasi. Zo mu tafi ka ga wurin, sai ka ba shi labari."

"Yanzu? Ban rufe gareji ba."

"Kira su su rufe. Malamar ba ta son latti, ni kuma na riga na makara." Ta gyara jakarta a kafaɗa ta ɗaga wa motar haya hannu. Mutumin ya ɗan tsaya, ya sa hularsa, ya bi bayanta da sauri.